Me ya sa lambun gida ke wahala da bazara a Kankia da Kusada?

A Ingila da Faransa, watannin Maris zuwa Mayu ne lokacin shuka: sanyi ya ja baya, ƙasa na da danshi. Su ne watannin da ake fassarawa da "bazara", amma a Kankia da Kusada da ke tsakiyar Jihar Katsina, bazara ita ce tsananin zafi. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, rijiyoyi su ja ƙasa, damina kuma ba ta kankama sai wajen Yuni.

Shi ya sa tumatir, wanda kowa ke sha'awar shukawa, ke ba masu lambu kunya. Idan zafi ya yi yawa furensa zubewa yake yi kafin ya ƙulla 'ya'ya. Lokacinsa hunturu ne. Masu jure bazara su ne zogale, kuɓewa, rama, yakuwa da alayyafo, musamman idan an shuka su cikin buhu a ƙarƙashin inuwa, aka rufe gindinsu da ciyawa, ana ba su ruwan alwala da na wankin hatsi da yamma.

Uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta ƙaddamar da gasar lambu a kowane gida. Shawarar ba ta da aibi, sai dai ta tsallake tambayar da ta fi damun matan wannan yanki, wato ruwa. Gidan da ke sayen jarka daga 'yan ga-ruwa sai ya gama lissafin sha da girki kafin ya waiwayi shuka.