Jaruman Labaran Zane Masu Dogon Zango a Ma'aunin Adabin Hausa: Superman da Ganɗoki

1.0 Gabatarwa

Labarin zane, wanda 'yan boko ke kira komik, shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera hotuna gida-gida a kan shafi, a kuma sanya maganar taurari cikin 'yan da'irori kusa da bakinsu. Daga cikin ire-irensa akwai wanda aka gina a kan jarumi guda mai ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam, ana fitar da shi kashi-kashi shekara da shekaru ba tare da an kai ƙarshensa ba. Tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce, ko irin wannan labari ya cancanci a ɓata lokaci a karanta shi, musamman ga ɗalibin da Hausa ce harshen mu'amalarsa.

Tambayar ta shafi malamin makaranta kai tsaye. A wuri kamar Kumbashi, cikin masarautar Kontagora ta Jihar Neja, inda ake jin Hausa kafaɗa da kafaɗa da harshen Acifawa da na Kambari, yaro kan shiga aji da harshe biyu a baka, amma abin karantawa na nishaɗi ya yi masa ƙaranci a cikin kowannensu. Idan irin wannan yaro ya samu labarin zane, a takarda ko a waya, dole malami ya san ko ya hana shi ko ya ƙarfafa masa gwiwa. Domin samun ma'auni, za a kwatanta Superman, wanda yana cikin mafiya daɗewar waɗannan jarumai, da Ganɗoki, jarumin da adabin Hausa ya ciro daga ƙasar Kontagora kanta.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Superman ya fara bayyana ne a Amurka a 1938, a fitowa ta farko ta mujallar Action Comics. Jerry Siegel ne ya rubuta labarin, Joe Shuster ya zana, suka kuma sayar wa kamfani da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. A 2018 mujallar ta kai fitowa ta 1000. A tsawon waɗannan shekaru marubuta da masu zane da dama sun karɓi aikin hannu da hannu, kowa ya ƙara nasa. Da farko jarumin tsalle yake yi, daga baya aka mayar da shi mai tashi sama. A 1986 aka share tsohon tarihinsa aka sake sabo, a 1992 aka kashe shi, a 1993 aka dawo da shi, a 1996 kuma aka yi masa aure.

Nijeriya ma ta ɗanɗani irin wannan adabi. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, mujallar African Film ta kamfanin Drum ta yaɗu a biranen ƙasar nan da labarin Lance Spearman, kodayake ita da hotunan kyamara aka shirya ta. Tsakanin 1975 da 1977 aka buga Powerman domin kasuwar Nijeriya: jarumin baƙar fata ne, amma masu zanen, Dave Gibbons da Brian Bolland, Turawan Ingila ne, har ma aka riƙa sanya wa gidajen hotunan lamba don kada mai karatu ya ɓata. A 2017 Roye Okupe ya fitar da Malika: Warrior Queen, wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Abin lura a nan shi ne, dukkan waɗannan da Ingilishi aka rubuta su, har da wanda aka ɗebo ruwansa daga rijiyar Hausawa.

3.0 Sukar da Ake Yi wa Labaran

Ana iya karkasa sukar zuwa gida uku. Ta farko ta tarbiyya ce. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana zargin labaran zane da lalata yara, lamarin da ya kai ga zaman sauraron bahasi a majalisar dattawan ƙasar, kamfanoni kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa a wannan shekara. Sai dai a 2012 Carol Tilley ta bi diddigin takardun Wertham, ta nuna cewa ya sauya bayanan wasu yaran da ya yi hira da su domin su dace da ra'ayinsa. Ke nan hujjar ba ta da ƙarfin da aka ɗauka tana da shi, duk da cewa tace abin da yaro zai karanta haƙƙi ne da ke kan iyaye da malamai a kowane irin adabi.

Ta biyu ta shafi zubi da tsari, ita ce kuma mafi nauyi. Umberto Eco, a cikin wata maƙala da aka fassara zuwa Ingilishi a 1972, ya nuna cewa Superman yana cikin tsaka mai wuya: dole ya yi aiki a cikin zamani irin na mutane, amma ba a yarda zamanin ya ci shi ba, domin in ya tsufa ko ya mutu ciniki ya ƙare. Saboda haka kowane kashi yakan ƙare inda ya fara. Haka kuma Eco ya lura cewa jarumin da zai iya kawar da yunwa daga duniya, an tsare shi a kamun ɓarayin banki a gari guda.

Ta uku ta al'ada ce. Misali, The Phantom na Lee Falk, wanda ya fara fita a 1936, Bature ne da ke tsare wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Bangalla, wadda daga baya aka tabbatar da ita a Afirka, 'yan ƙasa kuwa suna matsayin mataimaka. Ko da aka yi ƙoƙarin musuluntar da salon, ba a tsira ba: The 99 na Naif Al-Mutawa ɗan Kuwaiti, wanda ya fara fita a 2006, ya gamu da fatawar malaman Saudiyya a 2014 saboda jingina ƙarfin taurarinsa da ya yi ga ma'anonin sunayen Allah.

4.0 Ma'aunin Adabin Hausa

Idan aka dubi suka ta biyu da idon Bahaushe, za a ga cewa tauraron da zamani ba ya ci ba baƙon abu ba ne. Gizo ba ya tsufa. A wannan tatsuniya a yi masa dukan kawo wuƙa, a ta gaba ya fito garau da sabuwar dabara, babu kuma mai tambayar wace ce ta riga wata aukuwa. Daɗin tatsuniya yana cikin sanin halin tauraro tun kafin a fara, sai a zuba ido a ga yadda mai bayarwa zai sarrafa shi. Ta wannan fuska, labarin zane mai dogon zango ya fi kusa da adabin baka fiye da ƙagaggen labari, kuma auna shi da ma'aunin ƙagaggen labari kaɗai rashin adalci ne. Bambancin da ke tsakani shi ne, Gizo na kowa ne, duk tsohuwar da ta ga dama ta juya shi, shi kuwa Superman dukiyar kamfani ne, kuma lissafin riba ne ke yanke hukuncin mutuwarsa da tashinsa.

A nan ne kwatanci da Ganɗoki ke da amfani. Littafin na Muhammadu Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, yana cikin biyar ɗin da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a Zariya, tare da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ganɗoki yana da dukkan kayan aikin gagarumin jarumi: ƙarfi, da rashin tsoro, da kirari, da abokan gaba na mutane da na aljanu. Amma marubucin ya dasa shi a cikin tarihi na haƙiƙa, wato zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kontagora a 1901. Duk jarumtarsa ba ta hana a ci ƙasa ba. Sai da aka ci ta ne ya nufi gabas tare da ɗansa Garba Gagare, ya shiga duniyar aljanu da dodanni, inda takobi ke da sauran tasiri. Da ya komo gida ya tarar zamani ya juya, ya zama dattijo mai ba yara labari.

Wato ke nan Ganɗoki ya yi asara, ya tsufa, labarinsa kuma ya ƙare. Wannan ne ya sa ɗan ƙaramin littafi ya iya ɗaukar tambayar da ta dami mutanen zamaninsa, ta inda jarumi zai sa kansa bayan bindiga ta rinjayi takobi. Jerin Superman a dunƙule ba ya iya ɗaukar irin wannan tambaya, domin ba a yarda ya yi asarar da ba ta gyaruwa ba. Amma jerin yana da wata fa'ida da Ganɗoki ba shi da ita. Da yake hannaye da yawa sun yi aiki a kansa fiye da shekara tamanin, ya zama madubin sauyin tunanin al'ummar da ta haife shi: jarumin 1938 mai takura wa azzaluman masu kuɗi da 'yan siyasa ya bambanta da na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mai tallan kishin ƙasa. Manazarci zai iya bin wannan sauyi kamar yadda ake bin sauyin tatsuniya guda daga Sakkwato zuwa Kano.

5.0 Fa'ida ta Fuskar Harshe

Stephen Krashen, a littafinsa na 1993 kan tasirin karatun ganin dama, ya kawo hujjojin da ke nuna cewa labaran zane kan zama gada zuwa ga karatu mai nauyi. Dalilin a fili yake: hoto na ɗauke wa mai koyo rabin wahalar fahimta, sai ya samu sararin kama kalma. Wannan ya fi muhimmanci ga yaron da ke karatu da harshe na biyu ko na uku, kamar yaran yankin Kumbashi. Tsawon jerin ma, wanda ake kallo a matsayin aibi, yana da amfani a nan, domin maimaita taurari da wurare da kalmomi shi ne ke zaunar da karatu.

Ga masanin Hausa kuwa, salon yana tayar da batutuwa uku da suka cancanci nazari. Na farko, amsa-kama. Masu zanen Ingilishi kan ƙago sautukan duka da faɗuwa, alhali Hausa na da su a ajiye, kowane da muhallinsa: tim ga faɗuwar abu mai nauyi, wuf ga saurin cafka, zumbur ga miƙewa, cak ga tsayawa ko ɗagawa, tsit ga shiru. Shafin zane wuri ne da amsa-kama za ta iya tsayawa ita kaɗai ba tare da jimla ba, abin da zube bai cika bari ba. Na biyu, kalmar "sai". A zuben Hausa ita ce ke ɗaure aukuwa da aukuwa. A labarin zane ɗan filin da ke tsakanin gida da gida ne ke yin wannan aiki, mai karatu ya cike gurbin da kansa. Fassarar da ta cika shafi da "sai ya" ta maimaita abin da hoto ya riga ya faɗa. Na uku, kirari. Jarumin Bahaushe ba ya shiga fage shiru, kirari kuma na bukatar numfashi mai tsawo, da'irar magana kuwa ƙunci gare ta. Duk wanda zai zana Ganɗoki dole ya warware wannan, ko dai ya raba kirarin a gidaje da dama, ko ya ba shi shafi sukutum.

Akwai kuma darasi daga Larabawa. Tun 1964 aka fara buga Superman da Larabci a Beirut, aka sauya sunansa na ɓoye daga Clark Kent zuwa Nabil Fawzi. Wannan ya nuna cewa harshe na iya karɓar salon ya yi masa riga irin tasa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa, amma tanadi a takarda ba ya haifar da mai karatu sai an samu abin da yaro zai karanta don kansa, ba don jarrabawa ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, a iya cewa labarin jarumi mai dogon zango ya cancanci karatu, amma bisa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ba a bukatar a faro daga fitowa ta farko a bi har ta dubu. Yadda ba a haddace dukkan tatsuniyoyin Gizo kafin a ji daɗin guda, haka za a zaɓi kashin da ya tsaya da ƙafarsa. Na biyu, malami ya riga ɗalibi dubawa, ya kuma tambaye shi wane ne ake ceta a labarin, wane ne kuma mai ceton. Na uku, a haɗa shi da adabin gida, domin ɗalibin da ya karanta Ganɗoki ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa yana da abin da zai auna baƙon jarumi da shi.

Aikin da ya rage na sassan koyar da harsunan Nijeriya ne da na zane-zane a jami'o'i. Daidaita kalmomin fannin, da nazarin amsa-kama a shafin zane, da mayar da littattafan 1933 zuwa wannan siga, duk ayyuka ne da ɗaliban digiri za su iya ɗauka. Ganɗoki ya fi dacewa a fara da shi, tun da yaran ƙasar Kontagora sun san garuruwan da labarin ya ambata.