Ceto da Gyaran Jirgin Ruwa Mai Filafili Bayan Ya Kafe

Jirgin ruwa mai filafili, wato wanda iska ke turawa ta hanyar babban ƙyallen da ake ɗaura wa jigonsa, ya fi jirgi mai inji na girmansa saurin kafewa a inda ruwa ba shi da zurfi, kuma dalilin haka yana cikin ƙirarsa. A ƙarƙashin cikinsa akwai wani dogon nauyi na darma ko ƙarfe da matuƙa ke kira kil, wanda ke hana jirgin kifewa idan iska ta matsa wa filafili, amma kuma yana nitsewa har kusan mita biyu a matsakaicin jirgi, saboda haka shi ne ke fara cin karo da yashi ko dutse. Daga lokacin da kil ya taɓa ƙasa, abubuwa uku ne ke yanke hukunci a kan jirgin: irin ƙasar da ya hau, halin da teku ke ciki, da yawan sa'o'in da suka shuɗe kafin a kawo ɗauki.

A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cikowa ta janye sau biyu a yini, kuma tsakanin cikowa da janyewa akwai sa'o'i shida da 'yan mintoci. Jirgin da ya kafe a kan laka ko yashi alhali ruwa na cikowa, sau da yawa haƙuri kaɗai yake buƙata, domin ruwan zai ɗaga shi da kansa. Wanda ya kafe ruwa na janyewa kuwa zai kwanta a gefensa, kuma idan hakan ta faru a lokacin cikowa mafi girma, wadda ke zuwa daidai tsayuwar wata da cikarsa, yana iya zama a wurin kusan mako biyu kafin ruwa ya sake kai wannan matsayi. Dutse da murjani ba su ba da irin wannan rangwame, domin kowace igiyar ruwa tana ɗaga jirgin ta maka shi, har jikinsa ya huje.

Dabarun farko tsofaffi ne, kuma har yau ba a sami abin da ya maye gurbinsu ba. Ana sauke filafili don kada iska ta ƙara tura jirgin tudu, sannan a ɗauki anka a ƙaramin kwalekwale a kai ta wajen zurfi a jefa, a riƙa jan igiyarta daga kan jirgi. Ana kuma karkatar da jirgin da gangan, ko ta tara mutane a gefe guda, ko ta ɗaura igiya a ƙolin jigo a ja ta daga nesa, domin idan jirgi ya karkata kil ɗinsa yakan ɗaga daga ƙasa. Masu gaggawa kan taka inji da ƙarfi don su koma baya, abin da kan sa injin ya zuƙi yashi ta bututun da yake shan ruwan sanyaya kansa. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne a ja jirgi zuwa zurfi ba a duba cikinsa ba, tun da jirgin da ya huje dutsen da ya hau ne ke riƙe da shi, kuma raba shi da dutsen kafin a toshe hujin daidai yake da nutsar da shi.

Abin da ya sami jirgin Gipsy Moth IV ya nuna yadda aikin yake idan ya yi tsanani. Wannan jirgi mai tsawon kimanin mita 16 shi ne Francis Chichester, ɗan ƙasar Ingila, ya kewaya duniya da shi shi kaɗai, ya tashi daga Plymouth a watan Agusta na 1966 ya dawo ranar 28 ga Mayu, 1967, bai yada zango ko'ina ba sai a birnin Sidni na Ostareliya. Daga baya aka ajiye jirgin a kan tudu a Greenwich don masu kallo, inda ruwan sama ya yi shekaru yana ruɓar da shi, har wata makarantar koyar da tuƙi mai suna UKSA ta karɓe shi a kan fam ɗaya, aka gyara shi, ya sake kama hanyar kewaya duniya a 2005 ɗauke da matasa. A ƙarshen watan Afrilu na 2006, sakamakon kuskuren lissafin hanya, ya hau murjani a Rangiroa, cikin tsibiran Tuamotu na tekun Fasifik, waɗanda matuƙa suka daɗe suna yi musu laƙabi da tsibirai masu haɗari. Ba a rasa rai ba, amma jirgin ya yi kwana shida a kan murjanin, a yankin da cikowar teku kaɗan ce ƙwarai, ta yadda jiran ruwa ba shi da amfani. Da taimakon kamfanin ceto na Smit daga ƙasar Holan da mutanen tsibirin, aka lulluɓe hujojin da faifan katako, aka yi masa shimfiɗar da zai zame a kai, aka ja shi zuwa zurfi, aka kai shi Tahiti, daga can jirgin dakon kaya ya ɗauke shi zuwa Auckland a ƙasar Niyuzilan.

A nan ya kamata a faɗi abin da labaran ceto kan tsallake, wato kuɗi. Tsohuwar ƙa'idar teku, wadda takardar yarjejeniyar Lloyd's ta Landan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1989 suka tabbatar, ita ce mai ceto ba ya samun lada sai ya yi nasara, kuma ladan yana bin darajar abin da ya ceto da irin haɗarin da ya shiga. Kamfanonin inshora kuma sukan ɗauki jirgi a matsayin asara gaba ɗaya idan kuɗin ceto da gyara zai haura darajarsa, ko da yana nan a tsaye ana kallonsa. Jiragen talakawan matuƙa masu irin wannan rauni galibi a nan tarihinsu ke ƙarewa, kuma babu shakka sunan Chichester ya taimaka wa Gipsy Moth IV kamar yadda igiyar ja ta taimake shi.

Gyaran kansa yana farawa da yaƙi da gishiri. Injin da ya nutse a ruwan teku yana fara tsatsa da zarar iska ta taɓa shi, don haka ake wanke shi da ruwan daɗi nan take, a sauya masa mai sau da dama, a tayar da shi cikin gaggawa. Wayoyin lantarki kuwa gwamma a sauya su duka, saboda gishiri na bin tagulla ta cikin roba inda ido ba ya kaiwa. Jikin Gipsy Moth IV an yi shi ne da siraran fallayen katakon mahogani na Honduras, ɗan uwan maɗaci, waɗanda aka liƙa a kan juna, kuma irin wannan jiki ana gyara shi ta yanke wurin da ya lalace, a fiƙe bakin ramin a karkace, a mayar da sababbin fallaye ɗaya bayan ɗaya, domin haɗin ya sami faɗin da gam zai kama. Ƙungiyar tseren jirage ta Niyuzilan ta ba da wuri da taimako a Auckland, jirgin ya koma ruwa a watan Yuni na 2006, ya isa Plymouth ranar 28 ga Mayu, 2007, shekara 40 cif bayan dawowar Chichester.

Yawancin jiragen yau ba na katako ba ne, na faibagilas ne, wato zaren gilashi da aka jiƙa da gam ya sandare, kuma raunin da kafewa ke yi musu ya fi ɓuya. Idan kil ya bugi dutse jirgi na gudu, gabansa yakan fizgo ƙasa, bayansa kuma ya soki cikin jirgin, sai ƙusoshin da ke riƙe da shi su lanƙwashe, ko kuma firam ɗin da aka liƙa a cikin gindin jirgi ya ɓamɓare daga jikinsa, alhali daga waje fenti kawai ya ɗan kuje. Shi ya sa ƙwararren mai duba jirage kan sa a ɗaga jirgin daga ruwa, ya bi jikinsa yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, kamar yadda mai sayen tukunya ke yi a kasuwa, domin wurin da ya rabu amonsa daban yake, ya auna danshi, a wani lokaci ma ya sa a sauke kil gaba ɗaya. Aiki ne mai tsada wanda ba ya ƙara wa jirgi kyan gani, kuma shi ne masu jirage suka fi son kauce wa. A watan Mayu na 2014 jirgin Cheeki Rafiki, yana dawowa Ingila daga Antigua, ya rasa kil ɗinsa a tsakiyar tekun Atlantika ya kife, mutum huɗu da ke cikinsa suka ɓace. Ba a ɗauko gangar jirgin ba, amma hukumar binciken haɗurran teku ta Birtaniya ta nuna a rahotonta na 2015 cewa jirgin ya taɓa kafewa a baya, kuma kafewar da gyare-gyaren da suka biyo bayanta na iya zama abin da ya raunana haɗin firam da jikinsa.