Waƙar Minti Ashirin a Zamanin Gaggawa: Ina Kiɗan Prog Ya Kwana?

A watan Satumba na 2019 wani abu ya faru a kasuwar waƙa ta Amurka da ya ba masu lura da harkar mamaki. Faifan Taylor Swift mai suna Lover yana zaune daram a matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, sai ga wasu magidanta huɗu daga Los Angeles, masu kiran kansu Tool, sun ture shi sun haye. Shekara 13 suka yi ba su fitar da sabon faifai ba. Da suka tashi fitar da Fear Inoculum kuwa, ba su rangwanta wa kowa ba: waƙoƙi shida a cikinsa kowace ta haura minti 10, ɗaya ma ta doshi minti 16. Babu wadda gidan rediyo zai iya sakawa tsakanin talla da labarai, amma duk da haka aka yi rububinsa.

Irin wannan kiɗa shi ake kira progressive rock, masoyansa kuma kan taƙaita su ce prog. Tun wajen 1977 ake ta sanar da mutuwarsa, yana ta ƙaryata masu sanarwar. Sai dai abin da sunan ya ƙunsa a yau ya yi nisa da abin da ya ƙunsa a wancan zamani, har masu sauraronsa ba sa gajiya da gardama a kan wa ke ciki, wa ke waje.

A Ingila aka haife shi, a ƙarshen shekarun 1960. Wasu samari, da yawansu sun koyi piyano ko waƙar coci tun suna yara, suka ga cewa waƙar rock ta minti uku, mai baiti da amshi da zancen soyayya, ta yi musu kaɗan. Suka fara ɗebo dabaru daga kiɗan gargajiyar Turai na manyan ɗakunan taro, da kiɗan jaz, da waƙoƙin ƙauye. A watan Oktoba na 1969 rukunin King Crimson, ƙarƙashin makaɗin jita Robert Fripp, ya fitar da In the Court of the Crimson King, faifan da galibi ake ɗauka a matsayin mafarin salon. Shekarar 1972 ce ta fi albarka. Rukunin Yes suka yi Close to the Edge, waƙa ɗaya ta minti 18 da ta cinye fuskar faifai guda. Genesis suka yi Supper's Ready mai minti 23. Jethro Tull kuwa suka cika fuska biyu da waƙa ɗaya tal, Thick as a Brick. Bahaushen da ya san bakandamiyar Shata ko ta Narambaɗa ba zai ga tsawon waƙa a matsayin abin mamaki ba, domin a can ma doguwar waƙa ita ce fagen da makaɗi ke baje duk fasaharsa.

Tsawo kaɗai ba ya mai da waƙa prog. Akwai batun ƙirgen bugu. Mafi yawan waƙoƙin zamani a kan huɗu ake gina su: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma farko, shi ya sa ƙafa ke saurin kama su. Makaɗin prog yakan gina tasa a kan biyar ko bakwai ko tara, ya kuma sauya ƙirgen a tsakiyar waƙa. Money ta Pink Floyd, daga faifan The Dark Side of the Moon na 1973, a kan bakwai take tafiya, kuma miliyoyin mutane sun kaɗa mata kai ba tare da sun lura ba. Akwai kuma kayan kiɗa, musamman Mellotron, wani akwati mai kama da piyano wanda kowane maɓallinsa ke jan zaren tef mai ɗauke da sautin goge ko sarewa ko muryoyin mawaƙa na kusan daƙiƙa takwas. Da shi mutum ɗaya ke kwaikwayon taron makaɗa. Sai kuma al'adar gina faifai gaba ɗaya a kan labari guda, da ƙawata bangonsa da zane. Roger Dean, mai zanen duniyoyin mafarki a bangon fayafayan Yes, shi ne ya zana giwaye masu fukafukai a fayafayai biyu na farko na Osibisa a 1971, rukunin da Teddy Osei da abokansa 'yan Gana suka kafa a Landan tare da makaɗa daga Najeriya da tsibiran Karebiyan.

Daga nan abin ya fara yin yawa. A 1975 makaɗi Rick Wakeman ya gabatar da faifansa na labarin Sarki Arthur a Wembley, ana kiɗa wasu suna wasan zamiya a kan ƙanƙara. A 1977 Emerson, Lake & Palmer suka fita rangadi da gayyar makaɗa masu yawa, har kuɗi suka gaza aka sallami yawancinsu a hanya. A daidai lokacin ne matasan punk suka taso da waƙoƙin minti biyu masu zafi da rashin kunya, suna yi wa manyan dariya. Johnny Rotten na Sex Pistols ya yi suna da yawo da rigar Pink Floyd da aka rubuta kalmar ƙiyayya a kanta. 'Yan jarida suka bi sabon yayi. Genesis da Yes suka gajarta waƙoƙinsu suka koma kasuwar rediyo, inda Yes suka kai matsayi na ɗaya a Amurka da Owner of a Lonely Heart ta 1983.

Hanyoyi biyu suka raya salon bayan haka. Ta farko ita ce amanar masu sauraro. Marillion, waɗanda faifansu Misplaced Childhood ya kai na ɗaya a Birtaniya a 1985, sun wayi gari a 1997 ba su da kuɗin zuwa rangadi Amurka. Masoyansu suka yi karo-karo ta intanet, suka tara kimanin dala 60,000. Da za su yi faifan Anoraknophobia na 2001, sama da mutum 12,000 suka biya kuɗi tun faifan bai fito ba, aka kuma buga sunayen da yawa daga cikinsu a jikin faifan. Wannan ya faru shekaru kafin irin wannan tara kuɗi ya zama ruwan dare. Hanya ta biyu ita ce auren prog da kiɗan metal mai nauyi da ƙara. Dream Theater, da aka kafa a 1985 a makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston, su ne jagororin wannan ɓangare tun daga Images and Words na 1992. Sai a 2022 suka sami kyautar Grammy ta farko, da waƙar The Alien mai ƙirge 17.

Wanda ya leƙa fagen a yau zai tarar da gidaje da dama a ƙarƙashin suna ɗaya.

Akwai masu riƙon gado. Wobbler na ƙasar Norwe suna nemo tsofaffin kayan kiɗa irin na shekarun 1970, har da Mellotron, don sautinsu ya fito kamar na kakanni, kuma faifansu From Silence to Somewhere na 2017 ya buɗe da waƙar da ta haura minti 20. Big Big Train na Ingila tarihin ƙasarsu suke waƙewa, na ma'aikata da ƙauyuka da layin dogo. East Coast Racer tasu labarin Mallard ce, kan jirgin ƙasa mai tururi da ya kafa tarihin gudun mil 126 a awa a 1938. Mawaƙinsu David Longdon ya rasu a 2021, suka ɗauko Alberto Bravin daga Italiya suka ci gaba.

Akwai Steven Wilson, wanda shi kaɗai gida ne. Shi ya kafa rukunin Porcupine Tree, shi ne kuma wanda King Crimson da Yes da Jethro Tull suka damƙa wa tsofaffin tef ɗinsu ya sake tace sautinsu, don haka ba wanda ya fi shi sanin yadda aka ɗinka waɗancan fayafayai. Amma ba ya zama wuri ɗaya. Hand. Cannot. Erase. na 2015 ya samo tushe daga labarin wata mata da ta mutu a ɗakinta a Landan, aka shafe sama da shekara biyu ba wanda ya sani. A 2017 ya karkata ga waƙoƙi masu sauƙin kamawa a To the Bone, wasu tsofaffin masoyansa suka yi fushi. A 2025 ya dawo da The Overview, faifai mai waƙoƙi biyu kacal a kan ƙanƙantar ɗan Adam a sararin samaniya.

A ɓangaren masu nauyi, Opeth na Suwidin sun fara ne da kiɗan metal mai gurnani, sannan a 2011 mawaƙinsu Mikael Åkerfeldt ya ajiye gurnanin a faifan Heritage ya koma sautin shekarun 1970. A 2024 ya haɗa duka biyun a The Last Will and Testament, labarin 'ya'yan wani attajiri da suka taru sauraron wasiyyarsa, asirai suna ta tonuwa. Ian Anderson na Jethro Tull ya busa sarewa ya kuma yi magana a ciki. Haken na Landan, da aka kafa a 2007, sun yi suna da The Mountain na 2013 da saƙa muryoyi suna bin juna. Leprous na Norwe sun rage ƙarar jita sun ba muryar Einar Solberg fili, har faifansu Pitfalls na 2019 ya tsaya a kan fama da ciwon damuwa da mawaƙin ya yi. Riverside daga birnin Warsaw na Polan ma suna cikin wannan sahu.

Sai 'ya'yan intanet, waɗanda situdiyonsu na farko ɗakin kwana ne da kwamfuta. Sun gaji sarƙaƙƙen bugun Meshuggah na Suwidin, suka haifar da salon da ake kira djent. Misha Mansoor ya daɗe yana sakin kiɗansa a intanet kafin rukuninsa Periphery ya tsaya da ƙafafunsa. Tosin Abasi, wanda aka haifa a birnin Washington, iyayensa 'yan Najeriya ne, jita mai tsirkiya takwas yake kaɗawa maimakon shida da aka saba, yana dukan tsirkiyar da babban yatsa. Rukuninsa Animals as Leaders mutum uku ne, jita biyu da ganga, babu mawaƙi sam. Polyphia daga jihar Texas sun ƙara da bugun hip-hop, galibin waƙoƙinsu kuma ba sa wuce minti uku ko huɗu. Playing God tasu ta 2022 ta sa matasa da yawa a duniya sun ɗauki bidiyon kansu suna gwada ta.

Na ƙarshe su ne waɗanda ake laƙaba wa sunan alhali ba su nema ba. The Mars Volta daga El Paso sun cusa kiɗan Latin Amurka da zafin punk a De-Loused in the Comatorium na 2003. Rukunin black midi na Landan, da suka taso daga wani ɗan ƙaramin gidan kiɗa mai suna Windmill a unguwar Brixton, sun fitar da fayafayai uku tsakanin 2019 da 2022, masu saurin sauya launi har aka riƙa kwatanta su da King Crimson. Sun watse a 2024, mawaƙinsu Geordie Greep ya naɗi wani ɓangare na faifansa The New Sound a São Paulo tare da makaɗan Barazil. King Gizzard & the Lizard Wizard na Melbourne a Ostareliya kuwa fayafayai biyar suka fitar a 2017 kaɗai. A ɗaya daga ciki sun gyara jitocinsu don su fitar da sautukan da ke tsakanin maɓallan piyano, irin na kiɗan Turkiyya.

A nan gardamar take. Wasu na cewa prog sauti ne sananne, da Mellotron da doguwar waƙa da labarin almara, wanda ya bar su ya bar gida. Wasu kuma na cewa su King Crimson ba kwaikwayon kowa suka yi ba a 1969, don haka mai maimaita sautinsu bayan shekara 50 ya ɗauki rigarsu ne ya bar halinsu. A ma'aunin farko Wobbler ne magada na gaskiya, a na biyu kuma black midi ko Polyphia. Mujallar Prog ta Birtaniya, da ta fara fitowa a 2009, tana ba kowane ɓangare shafi, kamfanonin faifai irin su InsideOut na Jamus da Kscope na Ingila ma ba su tsaya ga gida ɗaya ba.

Abin da ya haɗa su duka shi ne matsalar kasuwa. A Spotify, da zarar an saurari waƙa daƙiƙa 30 an ƙirga ta sau ɗaya, ko minti uku ce ko ashirin. Mai doguwar waƙa ke nan shi ke kwana ciki. Saboda haka abincin waɗannan makaɗa ya fi fitowa daga tikitin wasa, da riguna, da baƙin faifai na da da ya dawo yayi, da akwatunan fayafayai masu tsada da masoya ke saye don ajiya. Har jirgin ruwa ake shata, Cruise to the Edge, inda makaɗa da masu sauraro ke kwanaki a teku ana wasa dare da rana. King Gizzard sun gwada wata dabarar ta daban da Polygondwanaland, faifansu da ya fi kama da prog na asali: sun sake shi kyauta a Nuwamban 2017, suka ba kowa izinin bugawa ya sayar, ƙananan kamfanoni da masoya a ƙasashe daban-daban kuma suka yi ta fitar da nasu bugun a faifai da kaset.