Daga Ajekoriya Zuwa Sharaɗa: Yadda Injinan Abinci Ke Raba Mutane Da Hannuwansu

Duk wanda ya shiga Ajekoriya, cikin gundumar Dakoro a jihar Maraɗi, da hantsi zai ji ƙarar injin niƙa kafin ya ji hayaniyar mutane. Injin ya hutar da mata daga turmi da dutsen niƙa, masu fura da ƙosai da tuwon sayarwa kuma da shi suke neman abinci. Sai dai injin da ke mayar da gero gari bai san bambancin ƙwayar hatsi da yatsar mutum ba.

Haɗarin farko yana wajen bel, wato igiyar robar da ke haɗa injin gazuwal da maniƙa. Galibi a buɗe ake barin ta, babu murfi. Da zarar bakin hijabi ko mayafi ko hannun riga ya taɓa ta, sai ta naɗe shi ta jawo mai shi, kafin a kai ga kashe inji aikin gama ya gama. Na biyu shi ne mazurarin markaɗe. Wake ko tumatir ya toshe, layi ya yi tsawo, sai yaron inji ya cusa hannu don ya tura, alhali a ƙasa akwai ƙarfe mai murɗawa wanda aikinsa ke nan ya ja abin da aka ba shi. Muciya ko guntun icce zai yi wannan aiki, amma gaggawa ba ta bari.

Matasan da ke tafiya cirani Maraɗi ko Kano, su shiga gidajen ruwan leda da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, nasu injin ya fi wannan mugunta. Injin ƙulla leda yana da muƙamuƙi mai zafi da wuƙa, yana liƙewa yana yankewa ba tsayawa. Leda ta maƙale, ma'aikaci ya miƙa hannu ya gyara. Wani lokacin ma an ɗauke wuta ne, ya ga inji a tsaye ya shiga share shi ba tare da ya kashe makunni ba, wuta ta dawo hannunsa na ciki.

Ba doka aka rasa ba. A Nijar akwai dokar ƙwadago ta 2012 da asusun CNSS mai biyan diyyar haɗarin aiki. A Nijeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF. To amma wa ya yi wa yaron injin ƙauye rajista? Mai aikin yini a kamfani ma haka. Abin da ya saba samu kuɗin magani ne na 'yan kwanaki da “Allah Ya kiyaye gaba”, shi kuwa ya koma gida da hannun da ba zai sake riƙe hauya ba.

Uwargida, idan kina aiken yarinya niƙa, ta ɗaure hijabinta, ta ajiye ƙwarya ta koma gefe. Idan kuma tsautsayi ya auku a gabanki, a fara kashe inji, a danne raunin da ƙyalle mai tsabta a ɗaga hannun sama. Kada a zuba toka ko ƙasa ko baƙin mai. Yatsar da ta cire a naɗe ta a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a jefa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Sanyi yana ƙara sa'o'in da likita zai iya gwada mayar da ita, kuma daga Dakoro zuwa Maraɗi tafiyar fiye da kilomita 100 ce. A asibiti a tuna da allurar tetanus.