Ɗigon baƙi a goshi: Yadda ake gane ƙananan ƙwarin da ke cutar da masara da auduga

Idan ka ratsa gonar masara ko ta auduga da damina, ka taɓa ganye, za ka ga wasu ƙananan ƙwari sun watse da tsalle. Manoma da yawa kan ɗauka 'ya'yan fara ne, amma ba su da dangantaka da fara. Fara tauna ganye take yi, su kuwa huda shi suke da baki mai kama da allura, su tsotse ruwansa.

Masana na kiran danginsu Cicadellidae, kuma akwai nau'insu fiye da 20,000 a duniya. Yawancinsu ba su da wata illa ga manomi, don haka bambance su yana da amfani kafin a kashe kuɗin feshi.

Alamomin farko

Jikinsu siriri ne, yana da faɗi ta wajen kai, ya tsuke ta baya. Idan suna hutawa, fikafikansu kan rufe bayansu kamar jinkar ɗaki.

Babbar shaida tana ƙafafun baya, inda ƙananan ƙayoyi suke jere a layi kamar haƙoran mataji. Idan aka taɓa su kuma, sukan yi tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa, abin da darɓa da farin ƙuda ba sa yi.

Mai kawo wa masara cuta

Jinsin Cicadulina ne ke yaɗa cutar da ke sa ganyen masara zane-zanen rawaya, shuka ta tsumbure. Tsawonsa bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba, launinsa na ɗaukar rawaya, yana da ɗigon baƙi biyu a goshi tsakanin idanu.

Tun shekarun 1920 masanin nan H. H. Storey ya tabbatar a Afirka ta Kudu cewa nau'in Cicadulina mbila ne ke ɗaukar cutar daga shuka zuwa shuka. Daga baya cibiyar IITA da ke Ibadan ta riƙa kiwon waɗannan ƙwari domin gwada irin masarar da ke jure cutar.

Baƙon da ya addabi auduga

A 2022 wani nau'in ɗan asalin Asiya, Amrasca biguttula, ya yi mummunar ɓarna a gonakin auduga a Mali da Burkina Faso da Kwaddibuwa. Koren ƙwaro ne mai ɗigon baƙi biyu a ka, da ɗigo ɗaya kusa da ƙarshen kowane fiffiken gaba. Wannan ɗigon fiffike ne ke raba shi da korayen danginsa na gida. Ganyen da ya tsotsa kan yi rawaya, ya koma ja, ya nannaɗe. Kuɓewa ma ba ta tsira ba.

Inda ido ke gazawa

Launi kan yaudari mutum, domin nau'i biyu na iya zama kamar an tsaga kara. Masana kan yanke ƙarshen cikin namiji, su jiƙa shi a sinadari, su duba siffar al'aurarsa a na'urar ƙara girma. Tantance mace ya fi wuya.

Saboda haka idan za ka kai wa malamin gona samfuri, kama da dama, ka zuba su a kwalba mai sifirit, ka rubuta sunan amfanin gonar da ranar kamun. Ka tuna feshi ba ya warkar da masarar da ta riga ta kamu. Shuka iri mai juriya da wuri shi ne rigakafi.