Yajin aikin kwana 148: yadda marubutan finafinan Amurka suka ja wa na'ura layi

Ranar 2 ga watan Mayun 2023, marubutan finafinai da shirye-shiryen talabijin kusan 11,500 suka ajiye alƙalami a Amurka. Ban da batun albashi, akwai abin da ya hana su barci: ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, da ake ɗura wa rubuce-rubucen mutane har ta koyi tsara labari da kanta.

To, me ya hana su zuwa kotu, tunda akwai dokar haƙƙin mallaka? Ai nan gizo ke saƙar. A dokar Amurka, idan kamfani ya ɗauke ka aiki ka rubuta masa fim, shi ne mai haƙƙin rubutun. Ke nan in an horar da na'ura da labarinka, kamfanin ne ke da bakin kai ƙara, kuma shi zai karɓi kuɗin in an sasanta.

Shi ya sa ƙungiyarsu ta WGA ta bi hanyar yajin aiki. Sai da aka kwana 148 kafin a janye shi ranar 27 ga Satumba. Yarjejeniyar da aka cimma ta ce ba za a lissafa AI a matsayin marubuci ba, ba za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba, kuma dole kamfani ya faɗa idan abin da ya ba marubuci ya yi aiki a kai na'ura ce ta haɗa shi. Batun horar da na'ura kam, kamfanonin ba su yarda su haramta ba. Ƙungiyar dai ta riƙe 'yancinta na ƙalubalantar hakan nan gaba.

Su ma 'yan wasan fim na ƙungiyar SAG-AFTRA sun shiga nasu yajin ranar 14 ga Yuli, suka kwana 118. Sun samu sharaɗin cewa sai da izinin ɗan wasa, kuma a biya shi, kafin a kwaikwayi fuskarsa ko muryarsa da kwamfuta.

Marubutan littattafai kuwa kotu suka nufa. A watan Yunin 2025, alƙali William Alsup na Kalifoniya ya yanke cewa horar da AI da littafin da aka saya ta halal bai saɓa doka ba, amma tara littattafan da aka sauke daga shafukan sata laifi ne. Daga baya kamfanin Anthropic ya amince ya biya dala biliyan 1.5, wato kimanin dala 3,000 kan kowane littafi, wanda galibi za a raba tsakanin marubuci da kamfanin ɗab'i. Kuɗi ne masu yawa, amma fa diyyar sata ce. Hukuncin bai ba marubuci ikon cewa kar a koyar da na'ura da aikinsa ba.

Abin lura a nan: doka tana kare wanda haƙƙi ke hannunsa, kuma sau da yawa mai fasaha ya riga ya sayar da nasa tun ranar da ya sa hannu a kwantaragi. Marubuci guda in ya ƙi sharaɗi, gobe a ɗauko wani. Amma da dubbai suka ƙi tare, har aikin finafinai ya tsaya cak, dole kamfanonin suka dawo teburin sulhu. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.