Ko Ka San Tururuwar da Ke Tara Magani a Gidanta?

A cikin duwatsun Jura na ƙasar Suwizalan akwai wata irin tururuwar daji wadda masana suka laƙaba wa suna Formica paralugubris, wadda, bayan tsinke da tsakuwa da take jawowa don ginin gidanta, takan bi gindin itatuwan nan masu ganye kamar allura tana tsintar busasshen ƙaron da ya ɗiga daga jikinsu, har akan sami kimanin kilo 20 na ƙaro jibge a babban gida guda.

Mene ne hikimar wannan wahala, alhali kuwa ba cinsa take yi ba? Gidan tururuwa wuri ne mai ɗumi da laima, ga cunkoson dubban jama'a, ga ragowar abinci, kuma babu muhallin da fumfuna ta fi so irin wannan. Wata irin fumfunar ma, da zarar ta kama jikin ƙwaro sai ta huda fatarsa, ta yaɗu a cikinsa har ta halaka shi. Shi kuwa ƙaron, ƙamshinsa daga wani mai yake fitowa, mai saurin bin iska, wanda itacen ya tanada domin kare rauninsa daga ruɓewa, kamar dai ƙamshin da muke ji idan an jefa ƙaron hano a kaskon turare.

A shekarar 2003 malaman Jami'ar Lozan suka bayyana cewa gidajen da aka raba su da ƙaro sun fi yawan fumfuna da ƙwayoyin cuta. A 2007 kuma suka tabbatar da cewa 'ya'yan tururuwar da aka sa wa wata muguwar fumfuna mai suna Metarhizium sun fi tsira idan akwai ƙaro kusa da su. Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne, tururuwar ba ta jira sai annoba ta auku; tun tana lafiya lau take fifita ƙaro a kan tsakuwa da tsinke, watau rigakafi ne tsantsa bisa ilhamin da Mahalicci ya kimsa mata.

Ba ta kuma tsaya nan ba, domin a 2017 an gano tana fesa wa ƙaron ruwan nan mai tsami da take harbin maƙiya da shi, kuma ƙaron da ya sha wannan haɗi ya fi wanda ba ta taɓa ba ƙarfin danne fumfuna.